Turaren Soron Mijinyawa

Ina tsakar kwashe ƙosai daga mai na ji warin. Ba na itace ba ne, ba kuma na tuwon da ya kama ba. Wani hayaƙi ne mai yaji, ya shiga hanci ya sauka ƙirji ya shaƙe mutum. Na ɗaga kai na dubi bayan katangarmu, sai ga shi yana fitowa ta 'yar tagar soron maƙwabciyata, siriri, ba ya ko gaggawa.

Na ce, "La'ilaha illallahu! Tsohuwar ga za ta kashe ni!"

Na sauke kasko na fita ko takalmi babu. Ƙofar soron gajera ce, ko kai wane ne sai ka sunkuya. Na banke ta da kafaɗa, hayaƙi ya yo waje ya rufe ni, na durƙusa ina lalube har hannuna ya faɗa kan ƙafarta. Da ƙafar na jawo ta. Allah Ya yafe mini, haka na jawo Inna Dela a ƙasa kamar buhun hatsi, har bakin dakali.

Ta daɗe tana tari. Irin tarin nan da kake jin kamar wani abu zai tsinke a ciki. Da ta samu numfashi, maimakon sannu ko na gode, sai ta nuna bayana da yatsa.

"Ruhe ƙohwar, Suwaiba. Hayaƙina shina hita."

"Hayaƙinki? Inna, so kike ki mutu?"

"Ke kika ɓata mini aiki. Yanzu ya fara kama rufin."

Na kai bakina zan faɗi wata magana, na tuna wadda ke gabana, na haɗiye. Wannan matar ita ta yi mini wankan jego na 'ya'yana duka. Ranar da aka kawo ni daga Sabon Maci ina amarya, ban san kowa ba a Dakoro, ita ta leƙo ta katanga ta ce in na rasa gishiri in yi kira. Katanga ɗaya ce ta raba mu tun daga ranar. Ina sonta kamar uwar da ta haife ni, kuma babu wanda ke tafasa mini zuciya kamarta.

Soron nan da ake magana a kansa, shi ne ginin ƙarshe a unguwarmu, daga shi sai korama. Rani duka koramar a bushe take ƙayau, yara na buga ƙwallo a cikinta, amma in damina ta kankama takan taho da jan ruwa da kututtura har da mushen awaki. Tsofaffi sun ce wani Mijinyawa ne ya gina shi, kakan kakan mijin Inna Dela, lokacin da ya gudo daga ƙasar Katsina zamanin yaƙe-yaƙe, tun ba a yi mafarkin gari a nan ba. Ni ban gani ba, ji na yi. Abin da na gani da idona shi ne bango mai kaurin da yaro zai kwanta a cikin taga ya yi barci. Tubali ne aka jera, aka shafe da makuba har ya yi ja-ja. Ya juya wa gabas baya, don daga can ruwa ke duka. Zankaye huɗu a bisa, ɗaya ya gutsure. Daga ciki kuwa, bakan gizo biyu ne suka taso daga bango suka gicce a tsakiya, tsakaninsu an jera azarar giginya gaɓa-gaɓa, an ce a raƙumi aka ɗauko ta daga kudu. Azarar nan baƙa ce wuluk, har tana ƙyalli, saboda hayaƙin matan gidan na shekara da shekaru.

To, shekarun baya sai ga wasu mutane daga Yamai cikin farar mota. Suka auna, suka ɗauki hoto, suka yi ta jinjina kai. Daga baya aka zo aka kafa allon ƙarfe a gaban gidan, aka ce ya zama gidan tarihi, hukuma ta sa masa ido. Ba a shafa masa siminti, ba a fasa ko'ina, ba a kwana a ciki, ba a hura wuta a ciki. Sadiƙu, ɗan Inna Dela na fari, wanda ke fataucin wake tsakanin Maradi da Jibiya, shi aka damƙa wa amanar. Ya gina wa uwarsa ɗakin bulo mai rufin tol, wato kwano, a tsakar gida. Gaskiya ni ma na ce sun kyauta. Tsohuwa da ciwon ƙirji, me za ta yi a ɗaki mai duhu da murhu?

Ta koma ɗakin tol ba gardama. Ashe kwantar da kai ta yi.

Da yamma ranar da na jawo ta, bayan hayaƙin ya washe, ta aiko a kira ni. Na je ina cika ina batsewa. Ta kama hannuna ta ja ni cikin soron.

"Yi shiru," in ji ta.

"Inna, ni ina da wanke-wanke."

"Na ce ki yi shiru. Saurara."

Na yi shiru. Da fari ban ji komai ba sai numfashinta mai ƙugi. Can sai na ji shi, a bisa kanmu, ƙas-ƙas-ƙas, a hankali, kamar ana tsintar shinkafa a faifai a wani gida mai nisa. Ta kai ni bayan ƙafar bakan gizon ta nuna mini wasu jijiyoyin ƙasa da suka hau bango har sama. Ta murje ɗaya da ɗan yatsa, fararen gara suka watse.

"Azara kam ta hi ƙarhin haƙorinsu," in ji ta. "Amma bisa azara akwai kirare da zana, su ke riƙe da ƙasar rufi. In suka cinye su, ruwa ya jiƙa ƙasar, to sai ta sauko. Rana guda, gaba ɗaya."

"To hayaƙin ga mi zai yi musu?"

Nan ta faɗa mini abin da ban sani ba duk zamana da ita. Da, lokacin da ake girki a ciki kullum, gara ba ta kusantar rufin. Kuma ko a lokacin, kowace shekara in hadari ya fara haɗuwa, matan gidan sukan yi abin da suke kira turaren soro. A zuba ƙaiƙayi da busasshen kashin raƙumi a wani rami da ke tsakiyar ɗakin, a sa garwashi, a lulluɓe da ɗanyen ganye, a barbaɗa barkono. A toshe taga, a rufe ƙofa. Amma ba a barin wutar ita kaɗai, don in ta yi harshe azara za ta kama. Dole mace ɗaya ta zauna a ciki, ƙasa-ƙasa, da jiƙaƙƙen tsumma a hanci da ƙwaryar ruwa a gefe, tana yayyafawa duk lokacin da wuta ta nemi tashi. Uwar mijinta ce ta koya mata, ita ma haka aka koya mata.

"Tun da aka kahwa allon ga ba a yi ba," in ji ta. "Sun ce suna tsaron gida. Daga wa? Ɓarawon shina ciki."

Na ce, "Su sun yi karatu, Inna. Sun san abin da suke yi."

"Ban ce ba su sani ba. Wuta suke tsoro, kuma wuta abin tsoro ce. Amma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa."

Tarin ya sake turnuƙe ta. Ta tofar a gefe ta yi sauri ta rufe da ƙasa, amma na riga na ga launinsa.

Ban kwana da maganar ba. Na kira Sadiƙu a salula na zazzage masa komai. Washegari sai ga shi. Ya ɗauke ta a kabu-kabu zuwa gidan likita, majon da ke duba marasa lafiya ya sa abin saurare a bayanta ya daɗe, sannan ya ce huhun ya gaji, in ta sake shaƙar hayaƙi irin wannan kada a kawo masa ita. Da suka dawo Sadiƙu ya sayi ƙaton kwado ya maƙala wa ƙofar soron, ya jefa makullin a aljihun rigarsa.

Ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Akwai maganin gara a Maradi, na hesawa. Zan shaida wa mutanen da suka ba ni amana, in kawo shi da kaina. Ba sai kin shiga ba."

Inna Dela ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, ko kallonsa sosai ba ta yi. Ni ta duba.

"Suwaiba, tambayi wancan, yaushe?"

"Kahin ruwa ya sauka, Inna," in ji shi.

"Hwaɗa masa gara ba ta san alkawari ba."

Ya yi dariya don ya rage nauyin maganar, amma ba wanda ya taya shi. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce, "Yaya Suwaiba, don Allah ki sa mini ido." Na ce masa ido biyu gare ni, duka na ba ta.

Kwanakin da suka biyo baya zafi ya yi zafi. Iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Kowace yamma gabas ta yi baƙi, a yi ta walƙiya, sannan ta watse. Inna Dela ta daina zama a ɗakinta. Sai ta shimfiɗa tabarma a jikin bangon soron, ta jingina kai da shi, idonta a rufe. In na ce ta tashi rana ta iso ta, sai ta ce, "Sun kai kusurwar arewa." Abinci kuwa sai na tsaya a kanta. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu.

Ruwan farko ya sauka wata la'asar, da iska da ƙasa. Kafin magariba muka ji ƙugin korama tana tahowa. Da ruwan ya ɗauke na leƙa gidan, na tarar da ita tsaye gaban ƙofar soron, zanenta sharkaf. Ta ƙarƙashin ƙofar shinge ne ke fitowa, garar nan mai fuka-fuki, ba ɗaya ba, ba ɗari ba. Suna ɓulɓulowa suna tashi, suna faɗa mata a fuska da ɗankwali, ita ko korarsu ba ta yi. A wani gida da yara sun fito da kwanoni suna murna. Ni dai gabana ne ya faɗi.

"Kin gani?" in ji ta. "Sun yi gari a ciki. Har sun fara aurar da ɗiyansu."

"Mu shiga daga ciki, Inna, sanyi zai kama ki."

Ta juyo ta riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ɗiyata, ke ki shiga. Ƙirjinki lahiya lau. Ni in zauna a waje in hwaɗa miki yadda ake yi. A ɓalle kwadon ga, wuni guda ne."

Na ce, "A'a."

"Suwaiba."

"Wallahi a'a, Inna. Ni in ɓalle ƙohwar da hukuma ta sa wa ido, a zo da jandarma a tahi da ni, wa zai riƙe mini yara? In wutar ta ƙwace mini hwa? Kuma a kan mi? A kan ƙasa da itace? Soron ga ya rushe mana! Ke nike so, ba shi ba."

Ta sake ni. Ba ta yi fushi ba, da ta yi ma da ya fi mini. Ta ce, "A nan na haihu. A nan aka yi wa maigidana wanka aka hitar da shi. Duk matan da suka riƙe shi kahin ni, ba wadda ya mutu a hannunta. Ni ce zan je in ce musu mi?"

Na kai ta ɗaki na canza mata zane, na fito na kira Sadiƙu. Ya ce ya sayi maganin yana nan a ajiye, amma motar wakensa ta maƙale a kan iyaka, ba zai iya barin kayan mutane ba. Jibi in sha Allahu. Da jibin ta zo ya ce gobe. Ba ƙarya yake ba, ina jin hayaniyar direbobi a bayansa.

Ranar kasuwa ta zo, ranar da nake cinikin da ke riƙe ni mako guda. Da safe na kai mata koko, na tarar ta yi wanka ta sa kwalli. Ta shanye kokon tas, har ta ce sukari ya yi kaɗan. Ta miƙo mini rariyata da ta ara tun bara, wadda na gaji da tambaya.

Na ce, "Yau kuma? Halan ruwan sama zai yi da ƙanƙara."

Ta yi dariya. "Tahi kasuwarki, sarkin surutu. Allah Ya ba da sa'a."

Na duba kwadon, yana nan a maƙale. Na ɗauki kaskona na tafi da zuciya fes, har ina cewa a raina tsohuwa ta haƙura.

Wajen azahar hadari ya taso. Ba irin na kwanakin baya ba, wannan ya haɗe tun daga ƙasa har sama, tsuntsaye suka yi tsit. 'Yan kasuwa suka shiga tattara kaya, Fulani na kora shanu. Ina juya ƙosai sai na tsaya cak. Rariyar nan ce ta faɗo mini a rai. Matar da ba ta taɓa maido abin aro ba sai an yi faɗa! Na bar wa maƙwabciyar rumfata kaskon da man da komai, na kama hanya ina gudu ina tafiya.

Tun daga bakin unguwa na ji yajin barkono.

Kwado na nan yadda na bar shi. An toshe taga da tsumma daga ciki, hayaƙi na tsattsafowa ta gefen ƙofa. Na doki ƙofar nan da hannu, na doke ta da ƙafa, na ɗauki dutse na yi ta dukan kwadon. Ƙarfe ne mai kyau, Sadiƙu bai sayi na banza ba. Na yi ta kiran Inna, na yi ta kururuwa a kawo gatari, amma unguwa duk tana kasuwa. Sai wata tsohuwa makauniya da ta amsa daga nesa tana tambaya lafiya.

Ta ina ta shiga? Na zagaya ta baya, na gangara cikin korama, laka har idon sawu. Nan na ga abin da na manta da shi sarai. A gindin bangon da ke fuskantar ruwa akwai wata 'yar ƙofa, da ƙyar ta kai gwiwa, wadda a da mata suke miƙo tulu ta ciki. An liƙe ta da laka tun kafin a kawo ni garin. Ga lakar an ƙwaƙule ta, ga tsohuwar hauya a yashe, ga sawun gwiwoyinta a gangaren. Ban san kwana nawa ta yi tana wannan haƙa a bayan idona ba.

Ta toshe ramin daga ciki da jiƙaƙƙiyar tabarma. Na tura ta, na kwanta rub da ciki na ja jiki. Ni ba siririya ba ce, bangon ya kankare mini baya. Na shiga ina tari, hawaye na zuba, ina laluben ƙasa.

A jingine take da ƙafar bakan gizon, kusa da ramin wutar. Tsumman ya zame daga hancinta ya faɗa a cinya. Ƙwaryar ruwan ta kusa ƙarewa, damin ganye na hannunta na dama. Wutar kuwa tana ci a hankali ƙarƙashin ganye, ko harshe ɗaya babu. Na kama ƙafarta, na ji ta yi sanyi, na san ba sauran gaggawa.

A daidai nan ruwa ya ɓarke. Ina jin sa yana dukan rufin, indararo na zuba. Na zauna a ƙasa na ɗora kanta a cinyata na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a mutuwar uwata. Ina kuka ina yi mata faɗa. Wani abu yana ta zubo mana daga sama, a kai, a wuya, a hannu. Na zaci ƙasar rufin ce ta fara saukowa, na ce to shi ke nan, mu tafi tare. Da na shafa sai na ji gara ce.

Ta 'yar ƙofar nan maza suka fitar da ita bayan ruwa ya tsagaita. Mun yi mata wanka da sabulu da turare, amma warin hayaƙin bai bar gashinta ba. Aka jira Sadiƙu har rana ta yi ja. Ya sauko daga mota da wani rawayan bido, jarkar maganin garar, a hannu, ya ajiye shi a bakin zaure, ya bi sahu aka sallace ta.

Washegari da hantsi, mutane na zaman makoki a waje, ya aiko a kira ni. Na same shi gaban soron da makulli a hannu. Ya daɗe kafin ya iya sa shi a kwadon, duk na lotsa shi da dutse. Muka sunkuya muka shiga. Rufin na nan, ko ɗigo bai yi ba. Ƙasa kuwa ta yi fari fat da matacciyar gara, tun daga bango har bango, in ka taka sai ka ji tana murƙushewa.

Ya tsaya yana kallon wurin da ta zauna. Ya dubi 'yar ƙofar baya, ya dubi babbar.

"Yaya Suwaiba," in ji shi, "wancan karon, da kika jawo ta, ta nan kika shigo?"

"Ta nan."

"Turawa kawai kika yi ta buɗe?"

Na ce, "Sadiƙu, kwana ne ya ƙare. Kada ka ɗora wa kanka."

"Da na bar mata makullin," in ji shi. Bai ƙarasa ba. Ya durƙusa cikin garar nan da farar rigarsa ya rufe fuska.

Na bar shi. Na ɗauko tsintsiya na fara daga kusurwa, ina tarawa ina kwashewa a ƙwarya. Ta cika, na fita na zubar a gindin bango, na dawo na sake cikawa. Kafin in fito da ta gaba, kajinta sun gano wurin. Tun jiya ba wanda ya tuna ya watsa musu hatsi. Suka taru a bakin ƙofar soron suna ci, uwar tana tona wa 'yan tsakinta tana kiransu.